Yadda Matasan Mathare Suka Gina Ƙungiyar Ƙwallonsu

A ƙauyukanmu da yawa akwai ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Wata rana wani mai hali zai kawo riguna da ƙwallaye, a yi ta murna. Bayan shekara guda rigunan sun yage, kuɗin da aka bayar ba a san inda suka shiga ba, ƙungiya ta watse. Me ke jawo haka? Labarin wasu matasa na ƙasar Kenya zai taimaka mana mu gane.

Yadda abin ya fara

Mathare wata babbar unguwar talakawa ce a birnin Nairobi. Gidajenta na kwano ne da laka, ga cunkoso, ga shara ta toshe magudanan ruwa. A shekarar 1987 wani mutumin Kanada mai suna Bob Munro ya ga yaran unguwar suna buga ƙwallon da suka ƙulla da leda da igiya. Shi da matasan wurin suka kafa ƙungiyar wasanni ta matasan Mathare, wadda ake kira MYSA a taƙaice.

Tun farko aka yi sharaɗi: sai matasa sun yi wani abu da kansu kafin ƙungiya ta yi musu nata. Saboda haka aka haɗa wasa da aikin gayya. Duk kulob ɗin da ya fito da shebur da baro ya kwashe shara, ya yashe kwata, za a ƙara masa maki a gasa kamar ya ci wasa.

Su wa ke riƙe da ragama?

Matasan ne da kansu. An raba unguwanni shiyya-shiyya. Kowace shiyya tana zaɓen kwamitinta, su shirya wasanni, su rubuta sakamako. Daga cikinsu ake horar da masu koyar da wasa da alƙalai da masu ba da agajin farko. Wanda ya yi aikin sa kai sosai yana samun maki, waɗanda suka yi fice kuma a taimaka musu da kuɗin makaranta. A 1992 aka fara gasar 'yan mata.

Aikin ya yi albarka. A 1994 aka kafa babban kulob mai suna Mathare United daga cikin waɗannan yara. Ya ci kofin ƙasa a 1998, ya kuma zama zakaran gasar Kenya a 2008.

Taimakon waje

Ƙungiyoyin ƙasashen waje, musamman na Norwe, sun tallafa wa MYSA da kuɗi da horo. Tun daga 1990 yaran Mathare suka fara zuwa babbar gasar matasa da ake yi a birnin Oslo.

Amma kuɗin waje suna zuwa da nauyi. Mai bayarwa zai so ya ga lissafi da rasit da rahoto a kan lokaci. Kuma yana iya janyewa. A 2012 wata gidauniya ta Norwe da ta daɗe tana tallafa wa MYSA ta daina, bayan saɓani a kan yadda ake tafiyar da ƙungiyar. Abin ya girgiza su, amma wasanni ba su tsaya ba, domin akwai matasa masu yawa da suka riga suka iya aikin.

Abin da za mu koya

Na farko, a rubuta dokokin ƙungiya. A faɗi yadda ake zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji, da shekarun da kowa zai yi. A karanta wa kowa a taro.

Na biyu, a sayi littafin kuɗi. Shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita, kowanne da kwanan wata. Ko ƙwallo ɗaya aka saya, a karɓi rasit a ajiye. Idan akwai asusun banki, kada a fitar da kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. A karanta lissafi a gaban membobi kowane wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, kada aiki ya taru a hannun mutum ɗaya. Kowane mai muƙami ya sami mataimaki da yake koya wa. Idan sakatare ya tafi cin rani, kada littafi ya tafi tare da shi.

Na huɗu, a faɗa wa mai tallafi gaskiya. Kada a ƙara yawan 'yan wasa a takarda, kada a rage shekarun yaro don ya shiga gasa. Idan an tambaye ku abin da kuke bukata, ku roƙi horo tare da kaya. Riga tana yagewa, amma wanda ya koyi lissafi ko alƙalancin wasa zai koya wa wasu.

Na biyar, ku sami abin hannunku. Kuɗin wata-wata na membobi, ko gonar ƙungiya da ake nomawa da gayya, za su riƙe ku ranar da taimako ya yanke. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ya kai mai karatu, yanzu da ka iya rubutu da lissafi, kai ne ƙungiyar garinku take nema. A taro na gaba ka tashi ka tambaya: ina littafin kuɗinmu? Idan babu, ka ɗauki alƙalami ka buɗe shafin farko.