Wa Ke Cika Mana Netwok Da Surutu?

Ana tsaka da rajistar kwasa-kwasai ko atisayen jarrabawa a ɗakin kwamfuta, sai shafi ya ƙi buɗewa. Nan take mukan ɗora wa kamfanin intanet laifi, alhali sau da yawa ɓarawon na cikin gida ne: kwamfuta guda da ƙwayar cuta ta kama tana ta ɓarin saƙonni har ta toshe wa kowa hanya.

Gano ta sai an san halin suwic, wato akwatin nan mai ramuka 24 ko 48 da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a jikinsa. Tsohuwar na'urar hob kan maimaita kowane saƙo ga kowa, shi kuwa suwic mai saƙo kaɗai yake miƙa wa. Shi ya sa ko mun buɗe manhajar Wireshark, namu saƙonnin da na shela kawai za mu gani.

To, yaya za mu bi sawu? In suwic ɗin mai karɓar umarni ne, mai kula da netwok zai sa shi ya riƙa kwafo zirga-zirgar sauran ramuka zuwa ramin da muke sauraro. A nan za mu ga wanda ya fi kowa surutu, mu ɗauki lambarsa ta MAC, mai alamomi 12. Shidan farko galibi suna nuna kamfanin da ya ƙera na'urar. Suwic yana ajiye jadawalin da ke nuna ramin da kowace lamba ke shigowa. In ramin ya kai mu ga wani suwic, sai mu sake dubawa a can, har waya ta sada mu da kwamfutar.

Wani lokacin babu ƙwayar cuta ko ɗaya. In fitilun suwic duka suna ƙyaftawa ba hutu, wataƙila wani ya soka bakin waya biyu a akwati ɗaya, saƙon shela na ta kewayawa. Maganin wannan ne Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, tsarin Spanning Tree, amma ƙananan suwic masu araha da yawa ba su da shi. A nan sai zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu za mu kiyaye. Kada mu saurari netwok ɗin makaranta ba da izini ba. Kuma ana iya yin jabun lambar MAC, don haka kafin a kira sunan wani ɗalibi, a zare wayar tukuna a ga ko surutun ya tsaya.