Yadda Ake Kafa Akwatin Intanet a Gida

Ɗalibai da suka je hutu Ikko, ko Agege ko Idi-Araba ta Mushin, sun ga ɗan akwatin nan da ake kira rauta. Aikinsa ya jawo intanet daga dogon ƙarfen kamfani, sa'an nan ya rarraba wa wayoyin gida ba da igiya ba.

Kafa shi ba wuya. A sa masa layi, kamar na MTN ko Airtel, wanda aka haɗa da lambar NIN bisa umurnin gwamnati na Disamba 2020. A jona shi da wuta, a ɗora shi bisa, kusa da taga. Kada a cusa shi bayan firji, gama bango da ƙarfe suna rage masa ƙarfi.

To, ga inda mutane ke sakaci. A gindin akwatin akwai 'yar takarda mai sunansa, da kalmar sirri, da adireshi irin 192.168.0.1. Lalle a rubuta adireshin nan a waya, a shiga, a sake kalmar tun ran farko. Gidajen hayan Mushin ɗaki na duban ɗaki ne. Yaro guda ya leƙa takardar, kafin la'asar gida duk an sani, datar wata kuwa ta ƙare cikin mako. Sabuwar kalma kada ta gaza harafi 8, a gauraya da lambobi, ban da sunan ɗanka, don maƙwabta sun san shi.

In ka manta ta, akwai ɗan rami a jikin akwatin. Danna shi da tsinke kamar daƙiƙa 10, zai koma yadda ya fito daga kanti, ka sake shiri.