Likita ya ce a ɗora yaronki kan maganin fargaba: abin da ya kamata ki sani kafin ki amsa

Uwargida, duk uwar da likita ya dubi 'yarta mai shekara 15 ko ɗanta mai shekara 16 ya ce yana ganin a fara ba da maganin fargaba, sai gabanta ya faɗi. Tambayoyin da ke zuwa ranki a lokacin na saba jin su daga bakin iyaye a wurin aiki: ba zai saba da ƙwayar ya kasa bari ba? Ba za ta mayar min da yarinya sukuku ba? Idan dangi suka ji fa, ko masu neman aurenta gobe? Tambayoyi ne masu kyau, kuma haƙƙinki ne a amsa miki su kafin ki ce to ko a'a.

Wace fargaba ake nufi?

Kowane matashi yana jin faɗuwar gaba idan jarrabawar WAEC ko JAMB ta gabato, kuma wannan ba ciwo ba ne, da an gama jarrabawa sai ta wuce. Wadda ta zama lalura ita ce wadda ta ɗauki watanni, ta kuma fara tare wa yaro rayuwa. Kullum da safe ciki na ciwo ko kai na sarawa idan za a tafi makaranta, amma a asibiti ba a ga komai ba. Barci ya ƙaurace. Ta daina shiga cikin ƙawayenta, ko baƙi aka yi sai ta shige ɗaki. Wani yaron kuma abin kan zo masa farat ɗaya: zuciya na bugu, numfashi sama-sama, gumi, yana cewa mutuwa zai yi, bayan 'yan mintuna ya lafa.

A gidajenmu an fi fassara wannan da shagwaɓa, ko lalaci, ko shafar aljanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, ki haɗa su.

Abin da za a fara bincikawa

Kafin a kai ga rubuta magani, likita zai so ya tabbatar ba wani abu ne ke kwaikwayon fargabar ba. Ƙarancin jini, musamman ga 'yan matan da al'adarsu ke zuwa da yawa, yana sa bugun zuciya da haki. Haka nan idan halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo tana aiki fiye da kima. Yawan shan kofi da lemukan ƙara kuzari don karatun dare, da maganin asma na shaƙa, duk suna iya sa rawar jiki da bugun zuciya. Sannan akwai tambayar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta: akwai shaye-shaye? Akwai wanda ke cin zalinsa a makaranta, ko a waya, ko a cikin gida? Idan akwai mai cutar da yaro, babu ƙwayar da za ta warkar da shi har sai an raba shi da cutarwar.

Ba kullum magani ne matakin farko ba

Idan lalurar ba ta yi tsanani ba, abin da ake farawa da shi jinya ce ta zama da ƙwararre, wadda likitoci ke kira CBT. Yawanci zama 12 zuwa 16 ne, sau ɗaya a mako. Ana koya wa yaro ya gane tunanin da ke tayar masa da hankali, sannan ya riƙa tunkarar abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gwada hanyoyin a kan yara 488 masu shekara 7 zuwa 17, na tsawon mako 12. Cikin waɗanda aka yi wa jinyar zama kaɗai, kusan kashi 60 cikin 100 sun samu sauƙi sosai. Masu shan maganin sertraline kaɗai, kusan kashi 55. Waɗanda aka haɗa musu biyun, kusan kashi 81. Waɗanda kuma aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kusan kashi 24. Wato kowace hanya tana aiki, amma haɗa su ya fi.

Matsalarmu a nan ita ce ƙwararrun wannan jinya ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan birane. Shi ya sa wani lokaci likita kan karkata ga magani da wuri. Duk da haka ki tambaya ko za a samu jinyar zaman, ko da sau biyu ne a wata.

Magani yakan zama dole idan yaro ya daina zuwa makaranta gaba ɗaya, ko ba ya ci ba ya barci, ko an gwada jinyar zama na watanni babu canji, ko fargabar ta haɗu da ciwon damuwa mai tsanani. Ki tuna cewa barin yaro haka shi ma yana da nasa haɗarin: shekarar karatu ta salwanta, abokai su watse, wasu kuma su nemi sauƙi da kansu a wurin masu sayar da ƙwaya.

Wane irin magani ne?

Waɗanda aka fi bai wa matasa su ne sertraline da fluoxetine da escitalopram. Suna aiki ne a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, ana shan su sau ɗaya a rana, kuma ana farawa da ɗan kaɗan. Ba sa sa maye, ba sa kuma sa mutum ya riƙa ƙwaɗayin ƙari. Sai dai suna buƙatar haƙuri, domin sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu sosai. A makonnin farko ana iya samun tashin zuciya, ciwon kai, sauyin barci ko rashin natsuwa, kuma yawanci suna lafawa.

Idan an samu sauƙi, akan ci gaba da sha na wata 6 zuwa shekara guda, sannan likita ya riƙa ragewa a hankali. Yankewa farat ɗaya na kawo jiri, saurin fushi da rashin barci, har uwa ta zaci ciwon ne ya dawo.

Waɗanda za ki yi hattara da su daban suke: diazepam da Lexotan da danginsu. Suna kwantar da hankali nan take, shi ya sa ake yawan miƙa su a kemis, amma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da su. Kada ki saya wa yaronki su ba da takardar likita ba, kada kuma ki ba shi ragowar na wani a gida.

Haɗarin da dole ki sani

A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta sanya gargaɗi a kan magungunan nan, bayan an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan yara da matasa. An ga tunani ko yunƙurin kashe kai a wurin kusan 4 cikin 100 na masu shan maganin, alhali 2 cikin 100 ne a wurin masu shan ƙwayar da babu magani. Babu yaron da ya rasu ta wannan hanyar a gwaje-gwajen, amma wannan ne dalilin da ya sa ake son idonki a kansa, musamman a watan farko da duk lokacin da aka sauya yawan maganin.

Idan kika ga ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya kwana biyu ba barci kuma bai gaji ba, ko fushi ya ƙaru, ko ya fara zancen gara ya mutu, ki kai shi asibiti a ranar. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi damar magana.

Kafin ku bar gaban likita

Ki faɗa masa idan a danginku ko na maigida akwai mai lalurar ƙwaƙwalwa, musamman irin wadda mutum kan yi kwanaki yana zumuɗi da surutu ba barci. Ki faɗi duk maganin da yaron ke sha, har na gargajiya. Idan yarinyar matar aure ce, a yi maganar ciki ko shirin ɗaukarsa. Ki tambaya: me ya sa aka zaɓi wannan maganin? Yaushe za mu dawo? Wa zan kira idan wani abu ya taso da dare? Nawa zai riƙa cin mu a wata, kuma ana samunsa a garinmu? Fara maganin da ba za a iya ci gaba da saya ba matsala ce.

A gida, maganin ya zauna a hannunki, ke za ki riƙa bayarwa. Idan makarantar kwana yake, ki damƙa shi ga ma'aikaciyar jinyar makarantar. Da azumi, likita zai iya mayar da shan zuwa sahur ko bayan buɗa-baki. Ki yi ƙoƙari maigida ya je ya ji bayani da kunnensa, don kada a fara yau a hana gobe. Shi ma yaron a nemi ra'ayinsa, domin matashin da aka tilasta wa magani yakan ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe ya tofar. Batun dangi kuwa, sirrin lafiyar 'yarki nata ne, ba sai kowa ya sani ba.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika su ma suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Idan sun yi miki nisa, ki fara da babban asibitin garinku, ki nemi takardar turawa. Ranar da za ku je, ki riƙe 'yar takardar da kika rubuta abin da kika lura da shi na mako biyu: barcinsa, cin abincinsa, da ranakun da ya ƙi makaranta. Za ta taimaki likita fiye da yadda kike zato. Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya raya mana su.