Ƙungiyoyin Raya Unguwa Da Cinikin Ƙarshen Shekara A Bayan Garin Legas

LEGAS — Da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, takardun neman gudummawa kan fara zagaya gidaje da shaguna a unguwannin bayan garin Legas, tun daga Festac da Ojo ta wajen yamma, zuwa Agege da Alimosho, har Ikorodu ta wajen gabas. Masu aiko da takardun su ne ƙungiyoyin raya unguwa, waɗanda aka fi sani da laƙabin CDA, abin da suke nema kuwa shi ne kuɗin shirye-shiryen bukukuwan Kirsimeti da na sabuwar shekara, wato ƙarin masu gadi, da gyaran fitilun titi, da yashe magudanan ruwa, da walimar yara, sa'an nan da shinkafa da naman da za a raba wa marayu da tsofaffi da matan da mazajensu suka rasu.

Duk wanda ya dubi jerin kayayyakin da waɗannan ƙungiyoyi kan saya a watan Disamba zai ga cewa kaso mai tsoka daga cikinsu daga Arewa yake fitowa. Shanu da awaki, tumatir da attaruhu, albasa da wake, duk ta hannun fatake da dillalan Arewa suke isa birnin na Ikko. Haka nan kuma da yawa daga cikin masu gadin ƙofofin unguwannin 'yan Arewa ne ko kuwa mutanen Jamhuriyar Nijar. Amma duk da haka, ba kasafai ake ganin waɗannan bayin Allah a zauren taron da ake yanke shawarar abin da za a saya, da wurin wanda za a saya, da kuma dokokin da za a ɗora wa masu sana'a a unguwa ba. Wannan giɓi yana jawo asarar ciniki, wani lokaci ma yakan jawo abin da ya fi asarar ciniki muni.

Asalin Ƙungiyoyin

Ƙungiyoyin raya unguwa sun samo asali ne daga yadda birnin ya riƙa bunƙasa fiye da ƙarfin hukuma. A yawancin unguwannin bayan gari, masu filaye ne suka fara gina gidajensu, daga baya hanya da wutar lantarki da ruwa suka biyo, idan ma sun biyo ke nan. Ganin haka ya sa masu gidaje suka riƙa haɗa kai suna aikin gayya, suna cike ramukan hanya, suna kafa turakun wuta, har ma a wurare da dama suna tara kuɗi su sayi taransifoma da kansu. Ko bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, wannan ɗabi'a ba ta gushe ba, alhali kuwa hukumar da ke sa ido a kan harkar wutar lantarki ta sha bayyana cewa samar da irin waɗannan kayayyaki haƙƙi ne da ya rataya a wuyan kamfanonin.

Unguwar Festac, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Amuwo-Odofin, ta biyo wata hanya dabam amma ta iso wuri guda. Gwamnatin Tarayya ce ta gina ta domin saukar da baƙin bikin nuna al'adun baƙar fata na duniya da aka gudanar a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, daga bisani aka raba gidajen ga jama'a a ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidaje ta Tarayya. Da shekaru suka ja, hanyoyi da magudanan ruwa suka fara lalacewa, sai nauyin kula da su ya riƙa komawa kan mazauna. Da yake an tsara unguwar ne bisa manyan tituna da ƙananan layuka masu ƙofar shiga guda, kusan kowane layi yana da nasa kwamitin, sa'an nan ga babbar ƙungiyar mazauna unguwar baki ɗaya.

Gwamnatin Jihar Legas ta amince da waɗannan ƙungiyoyi a hukumance. Ana yi musu rajista, kuma a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 na jihar akwai kwamitin da ke haɗa kansu, wanda ake kira CDC. A matakin jiha kuma akwai majalisar ba da shawara, bugu da ƙari gwamnati kan keɓe rana guda a shekara domin karrama ƙungiyoyin da suka yi fice wajen ayyukan taimakon kai da kai. Ma'anar wannan ita ce, maganar shugaban CDA tana da nauyi a gaban shugaban ƙaramar hukuma da kuma baturen 'yan sandan yanki.

Yadda Ake Tara Kuɗi Da Inda Suke Tafiya

Bisa al'ada, akan yanka wa kowane gida ko shago abin da zai riƙa biya a wata domin gadi da tsabta, sai kuma a ƙara wani kaso na musamman idan shekara ta zo ƙarshe. Masu hali daga cikin mazauna, da masu otal da gidajen mai da makarantu masu zaman kansu da ke unguwar, sukan ba da gudummawa ta daban. Ƙungiyoyin da suka yi ƙarfi kan yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, domin su sami damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai sayar da kaya, domin ƙungiyar da ke da asusu da ma'aji da mai binciken kuɗi ta fi sauƙin bi bashi a kan wadda kuɗinta ke aljihun mutum guda.

Tsaro ne kan lashe kaso na farko. A makon Kirsimeti dubban 'yan kasuwa, musamman 'yan ƙabilar Ibo da ke hada-hada a kasuwar Alaba da ta Trade Fair, sukan rufe shagunansu su tafi garuruwansu na asali, lamarin da kan bar gidaje da dama babu kowa har zuwa makon farko ko na biyu na Janairu. Saboda haka ƙungiyoyi kan ƙara yawan masu gadi, su sayi tocila da usur da kwaɗuna, su kuma ƙulla hulɗa da rundunar tsaron unguwanni ta jihar wadda aka ƙaddamar a 2017.

Kaso na biyu na abinci ne. A nan ne ake yin abin da Bahaushe ya sani da sunan watanda, wato a haɗa kuɗi a sayi sa guda ko biyu, a yanka a raba naman kashi-kashi gwargwadon abin da kowa ya zuba. Wakilan ƙungiyoyi kan nufi kasuwar dabbobi ta Oko-Oba da ke Agege ko ta Kara da ke bakin iyakar Legas da Ogun domin sayen shanu, su je Mile 12 domin kayan miya, su kuma je Daleko da ke Mushin domin shinkafa da man girki. Ƙungiyoyin mata da na adashi, waɗanda suka shafe watanni goma sha ɗaya suna zubi, su ma a wannan lokaci ne suke kwasar kuɗinsu su yi sari.

Kaso na uku kuma na shagalin ne kansa. Masu ba da hayar rumfuna da kujeru, da masu janareto, da masu amsa-kuwwa, da teloli masu ɗinka anko, da masu buga riguna da kalanda, da masu sayar da ƙanƙara da lemon kwalba, kowa yana samun rabonsa. Masu tsire da balangu da kilishi su ma kasuwarsu kan buɗe a daren walimar layi, sai dai wanda kwamiti ya sani shi ne ake bai wa wurin kafa tukuba.

Tsadar Kaya Da Darasin 2024

A watan Disamba na 2016, lokacin da gwamnatocin jihohin Legas da Kebbi suka ƙaddamar da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, an sayar da buhu mai nauyin kilo 50 a kan Naira 12,000. Shekaru takwas bayan haka, wato a ƙarshen 2024, farashin irin wannan buhu a kasuwa ya zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasa na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na shekarar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, ta kayan abinci kuwa ta kai kashi 39.84 cikin ɗari. Ko da yake farashin hatsi ya sauko a 2025, wannan tsada ta sa rabon shinkafar ƙarshen shekara ya zama abin da iyalai da yawa ke jira da gaske.

A cikin wannan hali ne aka sami munanan turereniya har sau uku a mako guda. Ranar 18 ga Disamba, 2024, yara 35 suka rasa rayukansu a wajen wani bikin yara a Ibadan. Ranar 21 ga watan kuma mutane 22 suka rasu a garin Okija na Jihar Anambra, wasu 10 kuma a unguwar Maitama ta Abuja, dukkansu a wajen rabon abinci. Bayan haka ne rundunar 'yan sanda ta umarci masu shirya irin wannan rabo da su riƙa sanar da ita tun da wuri, Gwamnatin Jihar Legas kuma ta wajabta neman izini kafin a tara jama'a masu yawa domin raba musu kaya.

Abin da ya faru ya fito da darajar ƙungiyar unguwa fili. Kwamitin layi ya san gidajen da ke cikin buƙata ɗaya bayan ɗaya, yana iya rubuta sunaye, ya ba da kati, ko ma ya kai kayan har ƙofar gida ba tare da an yi shela an tara dubban mutane a fili guda ba. Attajiri ko kamfanin da ke son yin alheri a ƙarshen shekara zai fi samun kwanciyar hankali idan ya bi ta wannan hanya. Ga dillalin hatsi kuma, wannan na nufin za a fi neman ƙananan buhuna masu kilo 5 da kilo 10 waɗanda ke da sauƙin rabawa, don haka wanda ya tanadi irinsu tun watan Oktoba shi ne zai riga saura.

Dokokin Da Ya Kamata A Sani

Ikon ƙungiyar unguwa yana da iyaka. Tun 2009 Gwamnatin Jihar Legas ta ba da umarnin cewa kada a rufe ƙofofin tituna sai daga ƙarfe 12 na dare zuwa ƙarfe 5 na asuba, kuma dole a ajiye mai gadin da zai buɗe idan larura ta taso, umarnin da aka sha nanatawa a shekarun da suka biyo baya. Saboda haka direban da ya ɗauko kaya da rana yana da hujja idan aka tare masa hanya. Kazalika kusan kowace shekara 'yan sanda kan ja kunnen jama'a game da sayarwa da harba kayan wasan wuta masu ƙara da ake kira banga, ganin yadda suke haddasa gobara a lokacin hunturu, kuma ɓarayi kan fake da ƙararsu.

Har ila yau, a watan Janairu na 2024 jihar ta haramta amfani da fararen robobin zuba abinci masu kama da soso, waɗanda a da su ne abin rabon abinci a kowace walima. Ɗan kasuwar da ya jibge irinsu yana iya wayar gari an kwashe masa kaya. Su ma masu sana'ar acaɓa ya kamata su tuna cewa a 2022 an hana su aiki a ƙananan hukumomi goma, shida daga 1 ga Yuni, huɗu kuma daga 1 ga Satumba, sa'an nan ƙungiyoyin unguwanni da dama suna da nasu ƙa'idojin game da lokacin shigar babura.

Kujerar Da Babu Kowa A Kanta

Hausawa sun daɗe a Legas. Zangon Agege da unguwar Idi-Araba da Obalende shaida ne, kuma suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu na kasuwa masu ƙarfi. Sai dai tsarin nasu ya fi karkata ga kasuwa da masallaci da fadar Sarkin Hausawa, alhali shawarar da ta shafi wurin kafa teburin mai shayi, da kuɗin da mai shago zai biya, da albashin mai gadi, a taron CDA ake yanke ta. Yawancin 'yan Arewa 'yan haya ne, wasu kuma 'yan ci-rani ne masu komawa gida idan damina ta kusa, shi ya sa suke ganin taron na masu gidaje ne kawai. Amma a unguwanni da dama ƙofa a buɗe take ga duk mazaunin da ke biyan kuɗin wata.

Tarihi ya nuna tsadar rashin sanin juna. Rikicin da ya ɓarke a yankin Mile 12 a watan Maris na 2016 ya sa an rufe kasuwar na tsawon makonni, kayan gwari na maƙudan kuɗi suka lalace, kuma ba a sake buɗe ta ba sai da shugabannin kasuwa da na unguwannin da ke kewaye suka zauna suka cim ma yarjejeniya. Haka nan bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu na 2021, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, farashi ya yi tashin gwauron zabi a Legas, manoman tumatir da albasa a Arewa kuma suka tafka asara. Ɓangarorin biyu duka sun ɗanɗana kuɗarsu.

Abin da ake buƙata ba mai wuya ba ne. Ɗan kasuwa ya nemi sanin shugaba da ma'ajin ƙungiyar unguwarsa, ya biya kuɗin wata ya karɓi rasit, ya yi rajista da hukumar rajistar mazauna jihar, ya kuma halarci taron watan Oktoba da na Nuwamba inda ake tsara kasafin bukukuwa. Dillalan shanu da na hatsi za su iya haɗa kai su miƙa wa kwamiti farashinsu a rubuce, tare da sharaɗin biyan kafin alƙalami da ranar kawo kaya. Da yake Musulmi suna da yawa a cikin Yarabawan Legas, ƙungiyoyin da ke sayen sa a Disamba su ne kuma mambobinsu ke neman raguna idan Babbar Salla ta ƙarato. Wanda ya cika alkawari a cinikin farko, da wuya a tsallake shi a na biyu.