Kwana a Gidan Saukar Baƙi Ba Zubar da Mutunci Ba Ne

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, cewa mutumin kirki ba ya kwana a otal ko gidan saukar baƙi. Idan tafiya ta kai shi wani gari, sai ya nemi ɗan'uwa ko aboki ko ɗan garinsu ya sauka a wurinsa. Wanda ya biya kuɗi ya kama ɗaki, a cewarsu, ko dai yana da abin da yake ɓoyewa, ko kuwa ya yi watsi da zumunci. Mace kuwa ba a ma magana. Ana yawan jin haka a bakin masu zuwa Jos, musamman waɗanda mota ke saukewa a tashar Titin Bauchi.

Masu wannan ra'ayi ba haka kawai suke magana ba. Sun ga wuraren da ake sayar da giya a ƙofa, ana kuma ba da hayar ɗaki na awa ɗaya ko biyu ba tare da an tambayi kowa komai ba. Sun kuma tashi a al'adar da ke cewa baƙonka annabinka, inda saukar da baƙo abin alfahari ne. Kishin mutunci ne ya sa su faɗi haka, kuma ba a raina kishi. Sai dai hukuncin da suka yanke ya fi hujjarsu faɗi.

Masaukin da ake biya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a zango suke yada zango, a Salaga da Kumasi da sauransu, a gidan fatoma. Shi ke ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, sannan ya karɓi la'adarsa. Baturen nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara kacokan a kan masu gidajen da ke saukar da 'yan kasuwa daga Arewa. Jos kanta baƙi ne suka cika ta a farkon ƙarni na 20 saboda haƙar kuza, kuma zuwa 1914 jirgin ƙasa daga Zariya ya iso. Wanda ya fara zuwa neman aikin kuza ba shi da kawu ko goggo a garin. A masauki ya kwana, kuma jikokinsa ne yau ake neman a sauka a gidajensu.

Ta fuskar addini ma maganar ba ta da madafa. Hadisi ingantacce da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya yi ta zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Sannan alhazanmu, maza da mata, malamai da sarakuna, a otal suke kwana a Makka da Madina. Ba mu taɓa jin an ce hajjin wani ya samu tasgaro saboda haka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da muke ɗora wa 'yan'uwanmu na Jos ba tare da mun lura ba. Titin Bauchi ba ya rabo da baƙi. A nan Jami'ar Jos take da harabarta, jami'ar da ta tsaya da ƙafafunta tun 1975, kuma duk lokacin rajista iyaye na rako 'ya'yansu. 'Yan gwari na zuwa Farin Gada sarin kabeji da karas da tumatir. Masu jinya na nufar asibitin koyarwa da ke Lamingo. Masu zuwa wa'azi ma ba su yankewa, tunda a Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978. Yanzu a duba magidanci a Unguwar Rogo mai ɗaki ciki da falo, da mata da 'ya'ya biyar. Baƙi uku sun yi sallama bayan isha'i a watan Disamba. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin hunturunta ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne, tabarma da zane ɗaya ba sa raba mutum da shi. Sai a zare bargon yara a ba baƙi, uwargida ta kwashi ƙanana ta tafi maƙwabta, da asuba kuma a hura gawayi a dafa ruwan alwala da na wanka. Maigidan zai yi ta murmushi yana cewa ai ba komai, domin kunya ba za ta bar shi ya ce komai ba. Idan haka ta faru sau ɗaya a shekara, lada ne da farin ciki. Idan duk mako ne, an mayar da gidansa masauki, an kuma hana shi la'adar da ko fatoma yana samu.

Akwai kuma batun tsaro. Tun rikicin 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwannin Jos sun rarrabu, kuma ɗan gari ya san inda zai bi da inda zai kauce wa idan dare ya yi. Baƙo bai sani ba. Wanda motarsa ta makara, ya kwana kusa da tasha har gari ya waye ya fi masa alheri a kan ya shiga lalube cikin duhu yana neman gidan da rabonsa da shi shekaru.

To wuraren banzan fa? Suna nan, ba mai musu. Amma wake ɗaya ne ke ɓata gari, kuma gane na kirki ba wuya. A can za a buɗe maka littafi ka rubuta sunanka, a nemi katin shaidarka, a ba ka rasit. Ba mashaya a harabar, ba kiɗa har tsakar dare. Ka tambayi alƙibla a nuna maka, wani wurin ma da darduma a ɗaki, da bargo mai kauri, da bokitin ruwan zafi da safe. Direbobin tasha da masu shayin bakin titi sun san wane gida ne na iyali, wane ne ba shi ba, tambaya kawai ake yi. Uwar da ta rako 'yarta rajista, ta kulle ƙofarta a irin wannan wuri, ta fi samun sutura a kan a cusa ta a falon da samarin gida ke kai da kawo.

Zumunci kuwa a ƙafa yake, ba a shimfiɗa ba. Ka kwana a masaukinka, da hantsi ka ɗauki tsarabarka ka je ka gaida kawu, ku ci abinci tare, ku yi hira ba wanda ya kwana a takure. Idan shi da kansa ya nace kuma ka ga gidan da yalwa, ka sauka, ka yi kwana uku ka ƙara gaba.

Roƙona ga iyaye da malamai shi ne su daina yi wa wanda ya kama ɗaki kallon tuhuma, domin zato ba hujja ba ne. Masu hali kuma, musamman 'yan kasuwar Titin Bauchi, su ƙara gina masaukai masu tsabta da araha, da sashen mata daban, domin baƙin Jos ba raguwa suke yi ba.