Zaɓen A-kori-kura Domin Jigilar Kekunan Hawan Duwatsu

Mai niyyar sayen a-kori-kura domin jigilar kekunan hawan duwatsu sai ya auna tsakanin mazaunin mutane da wurin kaya, domin ƙarin kujeru kan rage tsawon bodi.

Alal misali, bodin Toyota Hilux mai ƙofa biyu ya kai wajen mita 2.3, saboda haka keke mai tsawon kusan mita 2 kan shige ba tare da an kwance komai ba. Mai ƙofa huɗu kuwa tana ɗaukar mutum biyar, amma ta fi tsada, kuma bodinta kimanin mita 1.5 ne. Tilas a cire tayar gaba, ko a rataya ta bisa murfin baya da aka shimfiɗa wa soso, gudun kada fenti ya kankare.