Gwajin Sankara: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ba Haka Ba

A Sifawa da Boɗinga da Shagari, har yau akwai masu cewa "daji ba ya son ƙarfe", wato da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya shekara yana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida, sai cutar ta gama cin jiki a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan ya rasu bayan aiki, a ɗora wa ƙarfe laifin da jinkiri ya yi.

Haka maganar cewa allurar rigakafin HPV tana hana haihuwa. Babu hujjar hakan. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura a Oktoba 2023, domin ƙwayar HPV ce ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata wajen 8,000 a ƙasar nan a 2020.

Gwajin bakin mahaifa kuwa yana ceton rai, wannan ya tabbata. Yana gano canjin da ke zama sankara tun shekaru kafin ta zama, a magance shi. A birnin Mumbai na Indiya, duba mahaifa da ruwan kal, wanda ma'aikatan lafiya na unguwa suka yi, ya rage mace-macen wannan cuta da kashi 31 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwajin daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Abin yana min ciwo cewa gwaji mai arha haka bai zama ruwan dare a asibitocinmu na sha-ka-tafi ba.

Sai dai akwai wani kuskuren, shi kuma a bakin masu ilimi yake yawo: wai kowane gwajin sankara alheri ne. Likitoci ma ba su tsira ba. Wani bincike da aka buga a 2012 kan likitocin matakin farko a Amurka ya nuna kusan uku cikin huɗu sun ɗauka cewa idan waɗanda aka gwada sun fi kai shekara biyar a raye bayan gano cutar, to gwajin ya ceci rai. Ba lallai ba. Ɗauki mutumin da sankara za ta kashe yana da shekara 60. In an gano ta yana 58, za a ce shekara biyu ya yi. In an gano yana 53, a ce ya yi bakwai. Ranar rasuwarsa ba ta motsa ba, sanin ne ya zo da wuri. Ma'aunin gaskiya shi ne ko adadin masu mutuwa ya ragu.

A Koriya ta Kudu, yawaita hoton wuya ya sa sankarar da ake ganowa a inda maƙoƙo ke fitowa ta ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011. Mace-mace ba su sauya ba, amma an yi wa dubban mutane tiyatar da ba su buƙata. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000 kan gwajin sankarar ƙwan mace, a 2021 aka bayyana cewa bai rage mutuwa ba. Don haka duk wanda ya tallata maka hoton jiki gaba ɗaya, ko gwajin jini guda mai "gano kowane daji", ka tambaye shi wace mutuwa ya taɓa ragewa.

Duk wannan magana ce ta masu jin kansu lafiya lau. Matar da ta ji ƙullutu a nono, ko take ganin jini bayan saduwa ko bayan ta daina al'ada, ba jiran ranar gwajin kyauta za ta yi ba. Ta je asibiti a makon nan, ta nemi takardar turawa Sakkwato idan ta kama.